Tsinken Inna Mai Kitso

Masu zagina a ƙasan rubutun nan, ku ɗan ajiye sandunanku yau ku matso kusa. Wata ta rubuto min cewa duk macen da ta rina gashinta ja ta gama gaya wa duniya ko ita wace ce. Na gode 'yar'uwa, ba ke kika fara faɗa ba. Yau zan fito da abin da na shekara tara ina dannewa a ƙarƙashin ɗankwali, kuma zan fito da shi ne saboda wata tsohuwa da har yanzu ban san da wane baki zan gode mata ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: shekarata ashirin da biyar, ina aiki a shagon buga katin biki da kalanda. Ni ce mai zama gaban kwamfuta ina jera sunayen amaren wasu da angwayensu. A gida 'Yar Baba ake ce min, saboda kamar da nake yi da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Mu uku muka rage a gidan, ni da Mama da Auta ƙanwata.

Sai kuma mutumin, Mai Tabarau. Shagonsa na gwajin ido yana tsallaken titin namu. Wata takwas da suka wuce ya shigo a buga masa allon haruffan nan da ke farawa da manya su ƙare da ƙanana. Na buga, ya dawo wai layin ƙarshe bai fito ba. Na sake bugawa, ya sake dawowa. A zuwa na huɗu na ce, "Malam, anya ba kai ne kake buƙatar tabaran ba?" Ya sosa ƙeya ya ce shi dai lambar waya yake buƙata. Daga nan magana ta yi nisa, har manyansa suka fara shirin zuwa gidanmu.

Abin da ya ɓata lissafin bai kai minti ɗaya ba. Ƙawata ta samu aiki ta tara mu a falonsu, mata zalla. Ana cikin tsalle-tsalle ɗankwalina ya zame, wata sarkin ɗauka ta kama ni a bidiyo, ta ɗora a wayarta duniya na kallo. Kafin yamma bidiyon ya isa hannun yayar Mai Tabarau, wadda suke kira Anti. Ga ni nan ina dariya baki har kunne, kai jajur.

Kun san abin da ake cewa, ai wasunku ne masu cewar. Mai jan kai idonta ya buɗe. Mai jan kai ba ta zaman gida. A garin nan ana son mace da baƙin gashi mai tsawo har gadon baya, ko saya ta yi ba a damu ba, amma ranar da launi ya hau kanta an gama yi mata shari'a. Anti ta tura wa guruf ɗin gidansu bidiyon, ta rubuta a ƙasa: "Ga surukar da za a kawo mana."

To ga gaskiyar da Anti ba ta sani ba, shi ma bai sani ba.

Ina shekara sha shida Mama tana taje min kai ta tsaya cak. Farin gashi ta gani, ba ɗaya ba, ba goma ba. Kafin shekara ta zagayo fiye da rabin kaina ya yi fari, irin na Baba, wanda aka ce tun yana saurayi yara ke ce masa tsoho. Gwaggo ta zo ta gani ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Yanzu wa zai auri kakarsa?" Da wasa ta faɗa, amma har yau ina jin maganar a ƙirjina. Mama ta sayo baƙin rini ta shafa min da hannunta. Washegari fuskata ta kumbura har idona ya rufe, bayan kunnena ya saɓule, na kwana uku a asibiti. Likita ya ce ko da wasa kada baƙin rini ya sake kusantar fatata.

Lalle kaɗai jikina yake karɓa. Shi kuwa lalle, idan ya hau baƙin gashi ba ya nunawa sosai, idan ya samu fari sai ya yi ja kamar garwashi. Jan kaina ke nan, jama'a. Mama kuma ta kafa min doka tun ranar: ko wuƙa aka sa min a wuya kada in faɗa. Za a ce ciwo ne, za a ce na rage shekaru, za a ce gado ne a guji Auta ma. Tun daga lokacin nake jan ɗankwali har kan gira, a shago ma har tsokanata suke yi wai goshina nake wa rowa.

Kwana biyu bayan bidiyon, ina tsakiyar jera wani kati, saƙonsa ya shigo.

"'Yar Baba, kina lafiya? Kada ki damu da surutun Anti."

Na rubuta: "Kai ba ka damu ba?"

"Na yi mamaki dai. Ban san kina son irin wannan gayun ba. Amma ba shi ne ya dame ni ba. Inna ta ce tana son ganinki gobe da safe. Ta ce ki tsefe kanki kafin ki zo."

Inna mahaifiyarsa ce, shekara arba'in tana kitso, kowa Inna Mai Kitso yake ce mata. Ya taɓa ba ni labari yana dariya cewa duk matan yayyensa uku sai da ta zaunar da su ta yi musu kitso kafin ta ce ta yarda. Ba ta aika a yi bincike, ba ta tambayar maƙwabta. Wai ita kai take tambaya. A lokacin ni ma dariya na yi, ban kawo a raina layin zai zo kaina ba.

Ga shi sati uku rabona da lalle, saiwar gashin ta fito fara tas, kusan faɗin ɗan yatsa. In na sake lalle, jan zai ƙara tashi. In na bari, tsinken kitso ɗaya zai tona ni. Na rasa wanda zan zaɓa a kira ni da shi, 'yar duniya ko kakar miji.

Na koma gida na tarar Auta, wadda na faɗa wa a waya, ta riga ta kai rahoto. Mama tana zaune a bakin gado, a cinyarta akwai ɗan kwali mai hoton wata mata da baƙin gashi yana sheƙi.

"Mai shagon ya ce wannan sabo ne, ba irin na da ba ne," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ya ce ba ya ƙona fata."

"Mama, likita fa ya ce..."

"Na san abin da likita ya ce, ina wurin! Kaɗan za a shafa. Na kwana ɗaya ne, 'Yar Baba. Yaron nan mutumin kirki ne, so kike ya kuɓuce?"

Auta ta ce, "Mama, in ta je musu da fuska kamar an hura balan-balan fa?"

"Ke rufe min baki!"

Ban iya musu da Mama ba. Na ce a gwada yadda likita ya taɓa nuna mana, ɗigo ɗaya a bayan kunne, a jira a gani. Na ɗiga da tsinken ashana bayan la'asar. Kafin a kira magariba wurin ya ɗau zafi, ya tashi, ya yi ƙuraje masu ruwa. Mama ta ja ni bakin famfo tana wanke min tana kuka, tana cewa in yafe mata. Ta ɗauki kwalin da kanta ta jefa a kwandon shara.

Da safe na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta da ko ɗigon ado, na ɗaura baƙin ɗankwali, na yafa babban mayafi. Ko hoda ban shafa ba. Auta ta kalle ni ta ce, "Yaya, gaisuwar mutuwa za ki?" Na ce mata kusan haka ne.

Ɗakin kitson Inna yana daga ƙofar gidansu. Tabarma ce a shimfiɗe, da kujera 'yar tsugunne, da madubi mai tsaga a gefe ɗaya, da gwangwanayen man kitso a jere a kan taga. Mata biyu suna zaune suna jiran layi. Anti na kan kujerar roba ta ɗora ƙafa kan ƙafa, waya a hannu. Inna kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai manyan hannuwa, tabaran da ɗanta ya yi mata yana rataye a wuyanta da igiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a sake, ta tambayi Mama, ta ce wa masu jira su yi haƙuri, baƙuwa ce.

"Zo nan, 'yata. Cire."

Na cire mayafin. Na cire ɗankwalin, hannuna ɗaya a kan goshi kamar mai ciwon kai.

"Kin gani ko, Inna?" Anti ta ce. "Ba sharri na yi mata ba."

Ɗaya daga cikin matan ta ce ƙasa-ƙasa, yadda dai zan ji, "Tabɗi. Wannan ai ko danjar titi." Suka ƙyalƙyale. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta kamo kafaɗata. Ta juya ni na ba su baya, ta kwantar da kaina a kan gwiwarta. Na zaci za ta sa tabarau, sai na ji ta ture shi gefe. Ta ɗauko tsinkenta, wani tsohon tsinken ƙarfe da aka naɗe gindinsa da zare, ta tsaga gashin tun daga goshi har tsakiyar kai.

Hannunta ya tsaya.

Na ji ta kama sili ɗaya ta ja a hankali, ta saki. Ta sunkuyo ta sansana. Babban yatsanta ya gangara bayan kunnena na dama ya taɓa tsohon tabon, ya koma na hagu ya samu ƙurajen jiya. Na zabura don zafi. Sai kawai ta ɗora tafin hannunta a kan tsagar ta rufe ta ruf.

"Ku da kuke dariya," ta ce, "wace ce a cikinku ta taɓa riƙe gashin da ya sha bilicin? Tsinkewa yake a hannu kamar tsohon zare. Wannan ku ja shi da ƙarfinku ba zai tsinke ba. Lalle ne. Ku je ku dawo bayan azahar, yau kan nan zai ɗau lokaci." Ta juya wurin Anti. "Ke kuma tashi ki dafa wa baƙuwa shayi. Ki bar shi ya dahu sosai."

Anti ta taɓe baki ta tashi. Matan suka ja takalmansu suka fita. Ɗakin ya rage daga ni sai ita, kaina a gwiwarta, hannunta bai ɗaga ba.

"To, 'yata. Wannan jan, na mene ne?"

Ku tsaya ku ji abin da ya zo bakina. Amsar da na haddace shekara tara ce ta fara zuwa: sha'awa ce kawai, Inna, ƙawaye ne suka sa ni, ba zan ƙara ba. Muryar Mama tana kunnena, fuskar Auta tana idona. Amma hannun nan da ke kaina ya rufa min asiri a gaban mutane tun ban roƙa ba. Na kasa yi masa ƙarya.

"Furfura ce, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sha shida. Gadon babana ne."

"Na bayan kunnen dama?"

"Baƙin rini ne. Har asibiti na kwanta."

"Na hagun kuma ɗanye ne. Na jiya ne." Ta leƙo fuskata. "Saboda ni?"

Hawayena ne suka jiƙa mata zani.

"Innalillahi," ta ce, muryarta ta canza. "Da kin kashe kanki saboda tsohuwa mai gwangwanin mai? Ke yarinya, shekara arba'in ina buɗe kan mata. Na ga wadda man rilaksa ya ƙone wa fata, na ga wadda jan gashin kanti ya cinye wa gaban goshi, duk don kada a yi da su. Rabin baƙin gashin da kike gani yana yawo a garin nan, ni na san abin da ke ƙarƙashinsa. Kuma ko gayu kika yi da jan nan, ina ruwana? Na kitsa baƙin gashi sul a kan matan da ba zan ba su ajiyar tsintsiya ba."

Na ce cikin kuka, "To me kike dubawa, Inna?"

"Abu ɗaya. Hannuna ya riga ya gani. Jira nake in ji ko baki zai faɗi abin da hannu ya gani." Ta lakato wani mai a ƙaramin gwangwani ta shafa min a ƙurajen, sanyinsa ya ratsa ni. "Ya faɗa. Share fuskarki, ba na kitso a kan mai shessheƙa, layi karkacewa yake."

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ga majina ga hawaye.

Sai ta ce, "Kitso biyu ne a hannuna. Akwai wanda zan kwanto da shi gaba in lanƙwasa, ko uwar da ta haife ki ba za ta ga farin ba sai bayan sati biyu. Akwai wanda zan ja shi baya, farin ya fito a layi a gaban goshi, kowa ya gani. Duk wanda kika zaɓa zan yi, kuma ɗana ba zai ji komai daga bakina ba. Wannan maganarki ce."

Na share sauran hawayena. Sannan na ce, "A ja shi baya."

"Madalla," ta ce, ta soma.

Awa biyu tana yi. Tana yi tana ba ni labarin yadda Mai Tabarau yake tsoron kaza yana yaro, abin da na ajiye a raina don ranar da zai yi min iyayi. Da ta gama ta miƙo madubin. Jama'a, ban taɓa ganin kaina haka ba. Layuka siriri sun tafi baya, kowanne ya fara da fari tas sannan ya rikiɗe ja. Abin da nake ɓoyewa shi ta mayar ado. Na riƙe madubin na kasa ajiyewa.

Daidai nan Anti ta shigo da faranti. Ta tsaya turus, kofuna suka yi ƙara.

"Furfura?!"

"Furfura," in ji Inna, tana goge tsinkenta da gefen zani. Ta ɗago ta kalle ta a natse. "Ke ma ran Asabar ne naki kitson ko? Ki zo da wuri, kafin mutane su taru."

Ban san me ke tsakaninsu ba, kuma ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Na dai ga hannun Anti ya tafi ya gyara ɗankwalinta, ta ajiye farantin ba ta ƙara ko tari ba. Amma na ga wayarta a ɗaya hannun, na kuma san labari irin wannan ba ya kwana a cikin Anti.

Da zan tafi na durƙusa zan yi godiya. Inna ta kama hannuna ta danƙa min tsinken nan mai zare.

"Ba na ba da aronsa," ta ce. "Ki dawo min da shi bayan sati biyu, da kanki a tsefe. Lallen ma ni zan riƙa kwaɓa miki, naki ya cika ruwa."

A gida Mama na tsaye a tsakar ɗaki, da alama tun fitata ba ta zauna ba. Na zame ɗankwalin. Ta dafe ƙirji. Na jira faɗa, na jira ta ce na tona mana asiri. Sai ta matso ta sa yatsa tana bin farin layin a hankali.

"Kan babanki," ta ce. "Sak. Haka yake ranar da na fara ganinsa, kuma wallahi farin ne ya fara burge ni." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni da na auri mai shi da gudu, ni ce na sa ki ɓoye shi shekara tara. Gwaggonki ta yi magana ɗaya na tsorata."

Auta ta leƙo ta ce, "Ni dai in nawa ya fito, wurin Inna za a kai ni." Mama ta kai mata duka ta goce.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Sau uku ina rubutu ina gogewa. Daga ƙarshe na danna saƙon murya na faɗa masa komai, daga shekara sha shida har ɗigon jiya a bayan kunne. Na ce masa ban so ya ji a bakin Anti. Na ce nan da shekara kaɗan kan nan zai yi fari gaba ɗaya, a riƙa tambayarsa ko yayarsa ce ni, in ya ga ba zai iya ba ya faɗa min yanzu, ba zan riƙe shi a zuciya ba. Wannan na ƙarshen ƙarya na yi, zan riƙe shi mana.

Alamar ta yi shuɗi. Ya saurara. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Minti ashirin ina zaune da tsinken Inna a hannu, ina juya shi, ina gaya wa kaina cewa ko me ya ce, yau wata ta buɗe kaina ta ga komai kuma ta ce in dawo.

Sai saƙon ya shigo, kalma huɗu.

"Fito, ina ƙofar gida."

Ko alamar dariya babu, ko ta fushi. Na miƙe, na ɗaura ɗankwali a gaban madubi. Hannuna ya tafi da kansa zai ja shi zuwa kan gira, yadda ya saba. Mama tana bakin ƙofa tana kallona. Na tsayar da hannun, na tura ɗankwalin baya kaɗan, inda kowace mace take barin nata, farin layin ya fito.

Na ɗauki mayafina na nufi ƙofa.